Rabin Sakan Tsakanina da Yayanku

Kun zalunce ni, ku 'ya'yana, kuma ba zan shiga kabari da maganar nan a cikina ba. Shekara da shekaru kuna cewa bakina ne ya hana yayanku dawowa gida. Zainabu ta faɗa a gabana, sauranku kun faɗa a bayan idona, har surukaina da ba su taɓa ganinsa ba sun san labarin Inna mai zafin baki da ta kori ɗanta ta waya. Ban ce ba ni da baki ba. Ina da shi, da shi na ƙwato muku haƙƙin ubanku lokacin da aka so a cinye. Amma babu ɗayanku da ya taɓa zama ya tambaye ni abin da kunnena ya ji a wayar nan. Yanzu da hannuna ya iya riƙe biro zan rubuta muku shi, ku karanta ko kuna so ko ba kwa so.

Ku kun tashi a Ja'en, cikin rediyo da makarantar boko, ba ku san yadda aka raine ni ba. A ƙauyenmu, can ƙasar Ringim, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da zazzaɓi ke kayar da shi. Kunya ce, kuma macen da ba ta da ita ba a ganinta da daraja. Da aka yaye yayanku kakarsa ta ɗauke shi, sai da ta rasu ya dawo hannuna yana ɗan shekara tara. Ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake ce masa, ko in ce da Zainabu ta gaya wa wancan tuwonsa na cikin kwano. Shi ma ya san haka abin yake, bai taɓa riƙe ni da shi ba, don ya iya karanta ni. In ya buɗe kwano ya ga tsoka biyu maimakon ɗaya, ya san abin da na ce. In na tsaya a bakin zaure ina gyara ɗaurin zane har ya ɓace a kwana, ya san rakiya ce. Duk zancenmu a ido yake da hannu. Waya kuwa ba ta da ido, ba ta da hannu, murya ce tsirara.

Ubanku ya yi shekara ashirin a masaƙa a Bompai. Aka rufe ta, ya zauna a gida, bai cika shekara biyu ba ya rasu. Yayanku ne ya ɗauki gidan. Ya shiga kamfanin fata a Challawa, yana dawowa da warin jima a jikinsa wanda sabulu ba ya fitarwa, tafin hannunsa duk ya tsattsage saboda ruwan maganin da suke jiƙa fata a ciki. Shekara tara yana haka, rana ɗaya aka liƙa takarda a bakin get, sunansa na cikin waɗanda aka sallama. Ni a lokacin ina tsintar zoɓo a wani kamfani a Sharada. Mu mata kusan arba'in ne a babban sito, a zaune a ƙasa, muna fitar da tsakuwa da itace daga busasshen zoɓo kafin a ɗure shi a buhu a kai ƙasashen waje. Ba a shiga sito da waya. Kowa na ajiye tata wajen mai gadi, Malam Isufu, wani dogon mutumin Damagaram, ya jera su cikin akwatin katako a ɗakinsa na bakin get. A bakin get ɗin nan yayanku ya riƙa zama yana jiran a kira masu lodin buhu, kuma a nan ya ji labarin zinariyar da ake haƙa a sahara, can bayan Agadas, inda ƙanin Malam Isufu ke kai mutane a mota.

Wata rana ina tankaɗe a gida, yayanku ya zo ya tsuguna a nesa da ni, yadda ya saba.

"Inna, zan bi motar ƙanin Malam Isufu."

Ban ɗago ba. Na ce, "A je a yi me?"

"Zinariya ake samu. Wata shida kawai zan yi."

"Ubanka a kan gadonsa ya mutu, aka yi masa wanka aka yi masa salla. Kai rami kake so ya rufe ka inda ba mai sanin kabarinka?"

"Nan ɗin ma rami ne, Inna. Shekarata talatin da ɗaya, ƙanwata ke ba ni kuɗin mota."

"In ka fita ƙofar nan, ba da yawuna ba."

Ya daɗe a tsugune, sannan ya tashi. Da gari ya waye babu shi. Ya bar takalmansa na roba na kamfanin fata a bayan ƙofa, a jere, kamar zai dawo ya sa su da yamma. Suna nan inda ya bar su, kun sani, kun sha cewa in zubar.

Sai da aka yi wata biyu kafin kiransa na farko. Wata Alhamis ce kafin azahar, Malam Isufu ya leƙo ƙofar sito ya ce, "Kulu, wayarki na kuka. Lambar nan mai tsawo ce, ta sahara." Muna tafiya yake gaya mini cewa can babu sabis ko kaɗan, sai dai ubangidan rami yana da wata babbar waya mai ƙaho, wadda ke magana da tauraro, ita yara ke roƙa a ba su minti biyu ko uku. Na ɗauka irin zancen mutanen Nijar ne, na bar shi a nan. Na goge jan zoɓon hannuna a zane na karɓa.

Na ce, "Salamu alaikum."

Shiru. Ba dogon shiru ba, kamar mutum ya haɗiyi yawu. Sannan muryarsa ta zo: "Wa alaikumus salam, Inna. Ina wuni?"

"Lafiya lau." Na jira ya ci gaba, bai ci gaba ba, sai na ce, "Ya aiki..." Ban ƙarasa ba muryarsa ta hau kan tawa, yana tambayar su Zainabu. Na tsaya. Ya tsaya. Na buɗe baki, ya buɗe.

Kun san gaisuwa kamar luguden daka ce, taɓarya ɗaya na sauka ɗaya na tashi, in hannu ya saɓa sai su gwabza. Haka muka yi ta gwabzawa har wayar ta mutu, ba mu gama ko gaisuwar ba. Na koma sito raina a ɓace. Na raini yara shida, na san abin da jim ɗin nan ke nufi. Yaron da uwarsa ta tambaye shi ya yi jim kafin ya amsa, ko ƙarya yake haɗawa ko fushi yake haɗiyewa. Yaron da ke shiga bakin uwarsa tana magana kuwa, wannan ya gama raina ta. Yayanku bai taɓa yi mini ko ɗaya ba yana gida. Na ce a raina, to, ya tafi bai yi wata uku ba sahara ta canza shi.

Abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne Hajiya Ladi, shugabarmu a sito. Ɗanta na aikin asibiti a Ingila, kowace Juma'a sai ya kira ta lokacin hutun azahar, ita kuma sai ta sa a sifika don kowa ya ji. Kafin ta rufe baki ya amsa. Ta yi masa tsiya ya yi dariya nan take, kamar a kan tabarma ɗaya suke. Ingila fa, bayan teku, inda sai jirgin sama. Nawa kuwa ga shi nan Nijar, ƙasar da muke sayen dabino da kanwa daga hannun mutanenta, amma sai na ja amsa daga bakinsa kamar guga daga rijiya. Hajiya Ladi ta taɓa tsayawa kusa da ni a kira na biyu, da na gama ta ce, "Kulu, naki ɗan sai an tura shi kamar tsohuwar mota?" Matan suka yi dariya. Ni ma na yi, amma ta zauna mini.

A kira na biyun nan ne na gwada shi.

"Kana salla kuwa?"

Jim. "Ina yi, Inna."

"Kana samun abinci?"

Jim. "Ina samu."

"To me ya sa sai ka yi tunani kafin ka ba ni amsa?"

Jim. "Ban yi tunani ba, Inna. Ai ke ce kike..."

"Ni ce nake me?"

Bai ƙarasa ba. Da na bar shi ya ƙarasa, da ya ce ni ce nake yin shiru kafin in amsa masa, da wataƙila ɗayanmu ya gane akwai wani abu a tsakani wanda ba ni ba ce, ba shi ba ne. Ban bar shi ba. Wannan laifina ne, na ɗauka, ba sai kun ɗora mini ba.

Kira na uku ya zo a wata na bakwai, daidai hutun azahar, lokacin da duk matan sito ke bakin get, wasu wajen mai awara, wasu wajen mai shinkafa da wake. Malam Isufu ya miƙo mini wayar a tsakiyarsu. Daga sallamarsa na san ba lafiya. Muryar ta bushe. Ya ce rami ya rufta da mutum biyu, 'yan Haɗeja, waɗanda suke kwana bukka ɗaya da shi, da hannunsa ya tono su, ɗayan har yanzu yana ganin fuskarsa in ya rufe ido. Wannan karon ban katse shi ba, na bar shi ya yi ta zubawa. Sannan ya ce:

"Inna, na gaji. Akwai mota jibi. Amma ba zan hau ba sai na ji daga bakinki. Kin yafe mini? In dawo?"

Ku saurara da kyau, don nan ne wurin da kuka yanke mini hukunci ba ku ji ba. Zuciyata ta amsa kafin ya rufe baki. Amma ɗan fari ne, kuma idon mata kusan arba'in na kaina, Hajiya Ladi na gefena da ledar awara a hannu. Ban taɓa gaya masa magana mai taushi a gaban mutum ko ɗaya ba, balle taro. Sai na juya fuskata ga bango, na ja mayafi na rufe gefen bakina, na ja numfashi. Numfashi ɗaya. Na rantse da wanda raina ke hannunsa ban ƙara a kan ɗaya ba. Sannan na ce, "Na yafe ma..." Ban kai ƙarshen kalmar ba muryarsa ta faɗo a kai: "Shi ke nan, Inna, na gane." Na tsaya in ji me ya gane. Shi ma ya tsaya. Na ce, "Ka saurara," daidai yana cewa, "Ba sai kin faɗa ba." Na sake tsayawa, ya sake tsayawa. Sau uku muna haka. A na ukun na ji Hajiya Ladi ta yi 'yar dariya ta hanci a bayana, sai wuta ta tashi a kaina.

"Kai wane irin ɗa ne? Ina magana kana magana. Ka tafi ba da izinina ba, yanzu ma ba za ka bar ni in rufe baki ba? To yi ta yi kai kaɗai, tunda kai ne uban kanka."

Ban kashe nan take ba. Na riƙe wayar a kunne ina jiran ya ce in yi haƙuri, in ce masa ya hau motar. Abin da nake jira ke nan, ba wani abu ba. Sai jim ɗin nan ya zo, wanda na tsana, na ce wato ko haƙurin ma sai ya yi shawara. Na sauke wayar daga kunnena. Tana tsakanin kunnena da ƙirjina na ji muryarsa 'yar ƙarama ta fito daga ciki, ya ce, "Inna." Amma babban yatsana ya riga ya danna.

Duk da haka na sa rai. Na ce ai ya ji farkon maganata, ya san halina, faɗa ne na uwa. Na lissafa kwanakin hanya: jibi mota ta tashi, kwana uku cikin rairayi zuwa Agadas, kwana biyu zuwa Kano. Na wanke zanin gadonsa na shanya. Ranar da na sa zai iso na yi dambun shinkafa da zogale, kuka yi ta tambaya bikin me ake, na ce marmari nake. Mako guda ina ƙara hannu a tukunya. Ba wanda ya zo. Na sa Malam Isufu ya kira lambar nan mai tsawo, mai wayar ya ce yaron ya bar raminsa ya bi wasu zuwa wani wurin haƙa wajen iyakar Aljeriya. Bayan wata biyu lambar ma ta daina shiga.

Sai da shekara ta zagayo wani mutumin Panshekara da ya dawo daga can ya zo gaishe ni. Zainabu ce ta kawo masa ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ce ya ga yayanku a Agadas, ya rame amma yana kan ƙafarsa, ya ce masa su taho tare ya ƙi.

Na ce, "Me ya ce maka?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Ya ce ya tambaye ki sau ɗaya ko kin yafe masa, kika yi shiru mai tsawo. Ya ce faɗan da kika yi daga baya bai dame shi ba, ya saba. Shirun ne."

"Ban yi shiru ba. Na ce na yafe."

"To, Inna, shi dai bai ji ba."

Da ya tafi Zainabu ta ajiye kofin ta dube ni. Ta ce, "Inna, bakinki ne. Ko sau ɗaya a rayuwarki ki ce wa mutum abu mai daɗi, ya gagare ki." Ban mare ta ba, ko da yake hannuna ya motsa. Na shiga ɗaki. Daga ranar maganar ta zama gaskiyar gidan nan, har ni kaina na fara shakkar ko na faɗi kalmar, ko a zuciyata kawai na faɗe ta.

Makarantar ma saboda shi na shiga, ba don son boko ba. Duk lokacin da saƙo ya shigo wayata sai in zaci shi ne, in ɗauka in kai wa Zainabu ta karanta mini, ta duba ta ce tallan kamfanin waya ne, ta miƙo mini da irin kallon nan. Na gaji da kallon. Ina da shekara hamsin da uku na sayi littafi da fensir na shiga ajin manyan mata na yamma, ina tashi daga sito in hau keke napep da jan zoɓo a farcena. Na sha dariyar yara a unguwa. Shekara uku na yi kafin in iya karanta shafi ba tare da na bi da yatsa ba, a ta huɗu aka fara koya mana kimiyya.

Malama Rabi ke koyar da ita, yarinya sa'ar Zainabu, mai son zane a allo. Ran nan ta zana ƙwallo ta ce duniya ce. Ta ɗiga Kano, ta ɗiga Ingila can sama, ta ɗiga wani wuri dab da Kano ta ce tsakiyar sahara ne inda babu sabis. Ta juyo ta ce, "Mutum biyu sun kira Kano, ɗaya daga Ingila, ɗaya daga nan sahara da wayar tauraron ɗan'adam. Muryar wa za ta riga isowa?"

Ni ce na fara ɗaga hannu, don na ga tambayar ta yara ce. Na ce, "Na sahara mana, Malama. Ga shi nan a bayan gida."

Ta yi murmushi ta ce, "Inna Kulu, yau kin faɗi." Ta ja layi daga Ingila ya bi gefen teku ya sauko Legas ya hau Kano. Ta ce wannan kebul ne, igiya ce da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, murya na bin cikinta a matsayin haske, kafin ƙiftawar ido ta iso, kunne ba ya ma lura. Sannan ta koma ɗigon sahara. Ta ja layi ya yi sama, ya wuce ƙwallon, ya wuce inda ta rubuta kwanan wata, sai da ta yi ɗage ta kai ƙarshen allon, ta ce allon ma bai isa ba. Can tauraron yake, kusan kilomita dubu talatin da shida a sama. Muryar sai ta hau can, ta sauko a wata tasha a wata ƙasa, sannan ta biyo igiya ta zo Kano. Amsarki ma haka za ta koma. Ta ce babu abin da ya fi saƙon nan gudu a duniya, amma tafiya tafiya ce. Zuwa da dawowa ya fi rabin sakan, in aka haɗa da na'urorin da ke hanya ya kan doshi sakan guda.

Wata daga baya ta ce, "Rabin sakan ɗin me, Malama? Ai ba komai ba ne."

Malama ta ce to a gwada. Ta tsayar da mata biyu, ta ce su gaisa, amma kowacce in ta ji maganar 'yar'uwarta sai ta ƙirga ɗaya a zuciya kafin ta amsa, kuma su juya wa juna baya. Suka fara. Ina wuni. Jim. Lafiya lau. Jim. Kafin a kai ga ya gida, ɗaya ta gaji da jira ta sake magana daidai ɗayar na buɗe baki. Suka tsaya tare, suka fara tare. Ajin ya kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki.

Ni ban yi ba. Na ɗaga hannu. Na ce, "Malama, shi na can ɗin, shi ma yana jin shirun?"

"Daidai yadda kike ji. Ke kina ganin shi ne ke jinkiri, shi yana ganin ke ce."

"In kuma na ja numfashi kafin in amsa?"

"Sai numfashinki ya hau kan jinkirin hanya. A kunnensa zai yi tsawo sosai."

"In muka yi magana tare fa, yana jin tawa?"

Ta ɗan dube ni, ta ga ba tambayar jarrabawa nake ba. Ta ce, "Wani lokaci yana ji a gutsure. Wani lokaci na'urar kan danne murya ɗaya gaba ɗaya. Inna Kulu, lafiya?"

Na ce lafiya lau. Na rufe littafina na fita, ban jira a tashi ba.

Ban nufi gida ba, Sharada na koma. Malam Isufu na zaune a bencinsa yana alwalar magariba. Na tsaya a kansa har ya gama wanke ƙafa.

"Malam Isufu, ka san wayar saharar nan tana jinkirta magana?"

"Awo. Kowa ya sani ai. Mu in za mu yi magana da ita, in ka gama taka sai ka ce, to kai, ka yi shiru ka jira. In ba haka ba sai ku yi ta karo."

"Sau uku kana miƙo mini ita da hannunka. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya riƙe butarsa yana dubana. Ya ce, "Wallahi, Kulu, ban san ba ki sani ba."

Iyakar abin ke nan. Ba mugunta, ba asiri, ba shaiɗanin da ya shiga tsakani. Magana guda da mai gadi zai faɗa mini cikin taku biyar daga sito zuwa get, bai faɗa ba don yana ganin kowa ya sani. Kun ce ilimi haske ne, kun yi mini murna ranar da na karɓi takardar shaida. Ni abin da ya yi mini daban. Kafin ranar nan ina da fushi, ina cewa yaro ya raina ni, ya katse ni, shi ya jawo. Da fushin nake tashi da safe, da shi nake tsintar zoɓo. Malama Rabi ta ɗauki alli ta ƙwace mini shi cikin minti goma. Yaron nan bai taɓa yin jim ba. Kowace tambaya na yi masa, yana ji yake amsawa, da sauri, yadda ya saba tun yana ƙarami. Bai taɓa shiga bakina ba, shiru ya ji ya zaci nasa lokacin ne. Kuma ranar ƙarshe, da na sauke wayar, haƙurin da nake jira ya riga ya bar bakinsa, yana can sama yana saukowa. Da na ƙara rabin sakan da wayar a kunnena, da yanzu 'ya'yansa na wasa a tsakar gidan nan. Na yi shekara huɗu ina koyon karatu don in gano wannan. Ba na ce ku tausaya mini ba. Ina so dai in kun tashi faɗin laifina ku faɗe shi daidai girmansa: numfashi ɗaya na kunya, da yatsa mai gaggawa.

Kafin in bar bakin get Malam Isufu ya ce ƙaninsa na gari, gobe da sassafe motarsa za ta tashi daga Ƙofar Ruwa. Na zo gida na yage takarda daga tsakiyar littafin kimiyya. Wasiƙar farko ke nan da na taɓa rubutawa da hannuna, kuma na zaɓi takarda ne don ita ba a katse ta, mutum zai karanta har ƙarshe kafin ya amsa. Layi huɗu ce. Na ce na yafe maka tun ranar, na faɗa, maganar tana hanya ne ka yi taka. Na ce shirun ba nawa ba ne, na nisan sama ne, in ka zo zan zana maka. Na ce takalmanka na nan. Na ce ka dawo. Kun san shekara biyar ke nan amsa ba ta zo ba, kuma ban san ko wasiƙar ta sami mai ita a raye ba. Ban ƙara sanin komai a kan abin da kuka sani ba.

Washegarin ranar da na rubuta ta, da na idar da sallar asuba na sa takardar a leda na ƙulle, na hau keke napep zuwa Ƙofar Ruwa. Tashar ta cika, ana ɗaure jarkoki da buhuna a kan mota, samari sa'o'insa na zaune a sama da rawani a fuska. Na sami ƙanin Malam Isufu yana duba taya. Na gaya masa ko ni wace ce, na miƙa masa ledar. Ya juya ta a hannu ya ce shi bai iya karatun boko ba, kuma can mutane dubbai ne, kowa da ƙura a fuska.

"Wa zan ce ana nema, Inna? Mene ne sunansa?"

Na duba gefe. Mutane ne ko'ina, masu lodi, masu shayi, mata masu jiran mota. Na faɗa a hankali, injin na ruri, ya kara hannu a kunne ya ce bai ji ba. Wannan karon ban juya ga bango ba, ban ja mayafi ba, ban ja numfashi ba. Na ɗaga murya yadda har samarin da ke saman mota suka waiwayo.

"Haruna. Sunansa Haruna. Ka ce uwarsa ce ke kiransa."